Cire H1 Ɗaya Ko Uku A Jikin Ɓera: Wanne Ya Fi Faɗar Gaskiya?

Zaren DNA, wanda ke ɗauke da bayanan gadon halitta, yana naɗe ne a jikin dunƙulen furotin takwas da ake kira histon, kamar zare a mazari. Histon H1 shi ke zaune a bakin naɗin, yana riƙe zaren inda ya shiga da inda ya fita. Ɓera yana da irinsa 11, kowanne da ƙwayar gadonsa, wato sashen DNA da ke ba da umarnin yin sa.

Mai son sanin aikinsa yana da hanya biyu.

Ta farko, ya cire ƙwayar gado ɗaya, misali ta irin da ake kira H1c. Abin takaici, ɓeran zai tashi garau, ya girma, har ya hayayyafa, domin sauran 'yan'uwan sun ƙara yawa sun cike gurbin. Mai gaggawa sai ya ce H1 ba shi da amfani.

Ta biyu ta fi wahala: sai an yi ta haɗa ɓeraye aure har a samu wanda ya rasa H1c da H1d da H1e gaba ɗaya. Ɗakin binciken masanin kimiyya Arthur Skoultchi a New York ya wallafa sakamakon haka a 2003. Yawan H1 ya ragu da kusan rabi, 'yan tayin kuma suka mutu a tsakiyar goyon ciki. A ƙwayoyin jiki da aka raina daga irin wannan tayi, tazarar da ke tsakanin dunƙule da dunƙule ta gajarce, naɗin ya yi sako-sako. Amma ƙwayoyin gado kaɗan ne aikinsu ya sauya, ciki har da wata da ake kira H19.

Ni dai ta biyun nake bi, ko da yake ba ta barin ɓera mai rai da za a ci gaba da dubawa.