Sandar atin ta ƙari a gindin injin masana'anta: yabo da gyara

Sandar atin, wato wadda ake kafawa don haɗa kayan lantarki da ƙasa, da muka gwada ƙarfe ce mai rufin jan ƙarfe, tsawonta mita 2.44, kaurinta kusan milimita 16, an kafa ta a gindin injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa. Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Rufin mai kaurin maikiron 254 bai ɓare ba wajen dukan guduma, sai dai kan sandar yana fashewa ya baje idan ba a sa masa hular bugu ba, daga nan maɗaurin waya ya ƙi shiga. Maɗaurin mai ƙusa ɗaya da ke zuwa tare da ita kuwa, girgizar inji tana kwance shi a hankali. Walda irin ta Cadweld, wadda ke haɗe waya da sanda da narkakken ƙarfe, ta fi shi nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake haɗa ta. Dokar wayarin ta Amurka, NEC, a sashe na 250.54, ta yarda a kafa irin wannan sanda, ba ta ma ɗora mata sharaɗin nan na cewa turjiyar wuta tsakanin sanda da ƙasa kada ta wuce ohm 25 ba. Amma ta hana a mai da ƙasa hanyar komawar wuta idan an sami matsala. Koriyar wayar kariya da ta taso daga allon rarraba wuta dole ta isa jikin injin, sandar ƙari ce kawai a kanta.

Wasu masu haɗa inji sukan cire koriyar wayar, wai don rage hayaniyar lantarki a kwamfutar injin, su bar sandar ita kaɗai. Ganganci ne. A yi lissafi: wuta mai volt 120 ta taɓa jikin inji, sandar tana da ohm 25, abin da zai bi ta ƙasa amfiya 4.8 ne kacal. Bireka (na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa) mai amfiya 20 ko gezau ba za ta yi ba, jikin injin zai zauna da wuta har sai wani ya ɗora hannu.

Akwai kuma tsawa. Idan ta faɗi kusa, ƙarfin lantarkin ƙasa a gindin sandar yakan bambanta da na babban atin ginin, sai wutar ta ratsa ta cikin injin tana neman hanya, ta ƙona allunan sarrafawa. Hayaniyar ma, sandar ba ta cika maganinta ba; raba wayoyin sigina da na wuta ya fi tasiri.

Sandar mai kyau ce, a saye ta don babban atin gini. A gindin inji kuwa, sai in kamfanin da ya ƙera shi ya wajabta, kuma koriyar waya na nan daram.