Ofishin lauyar ma'aikata da na je a Chicago, ga yadda na gan su

'Yan uwa mazauna Amurka, duk wanda aka sallama daga aiki don ya kai ƙara hukuma, don Allah kar ya zauna gida yana jimami. Ni wani ƙaramin ofishin lauya na je nan Chicago bayan an kore ni daga siton da nake aiki, dalili kuwa na kai rahoto OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, cewa an jibge kaya an toshe ƙofar gudun gobara.

Zaman farko kyauta ne, kuma abin da ya burge ni lauyar ba ta yi min daɗin baki ba sam. Da yawanmu muna ɗauka tunda gyara na farko a tsarin mulkinsu ya ba kowa 'yancin kai koke ga gwamnati to shikenan ba mai taɓa ka, ta ce a'a, gwamnati ya ɗaure wa hannu ba kamfani mai zaman kansa ba, ko ma'aikacin gwamnati ma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2011 sai kokensa ya shafi jama'a kafin gyaran ya kare shi. Kuma in ban da Montana, duk jihohi mai aiki na iya sallamarka ran da ya ga dama ba sai da dalili ba. Abin da bai isa ya yi ba shi ne korar ramuwar gayya, jihar Illinois da Chicago ke ciki ta yarda a yi ƙara a kan wannan tun 1978, amma fa kai za ka kawo hujja.

Nan ta jawo takarda ta ja layi, ranar da na kai rahoto, ranar da sufeto ya zo, ranar da aka miƙo min takardar sallama, ta ce in turo duk tes ɗin da oga ya yi min kar in goge ko ɗaya. Kwana 30 kacal OSHA ke bayarwa a shigar da ƙorafin ramuwa, a ranar lauyar ta sa aka cike fom ɗin a gabana.

Matsalarsu waya. Ka kira ka kira sai dai ka bar saƙo, ga mutum ba albashi hankali a tashe, wannan ya ƙona min rai gaskiya. Kuɗinsu kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka biya ka in an ci shari'ar, kuɗin kotu kuma daban, ku karanta yarjejeniyar da kyau kafin sa hannu. Duk da haka zan tura ɗan uwana wurinsu, kawai ya tafi da takardun albashinsa.