Hattara direbobin Yamai: babu kilen mota mai ba da intanet kyauta

'Yan uwa masu taksi da masu faba-faba, har da masu motocin gida, akwai wasu samari da ke zagaya tashoshi da garejoji, musamman wajajen Katako da Wadata, suna tallar wata 'yar kile, irin ta USB, da ake soka wa rediyon mota mai allo, irin na Android ɗin nan. Wai in ka saya ka rabu da sayen forfe har abada, waƙa da wa'azi da YouTube za su riƙa zubo maka daga tauraron ɗan adam. Ƙarya ce tsagwaronta. Gyaran wutar mota nake yi, kuma waɗanda aka cuta wurinmu suke ƙarewa.

Su biyu suke zuwa. Ɗaya ya shiga gaban mota yana soka kile yana cika ka da surutu, ɗayan ya jingina da ƙofa kamar ɗan kallo, alhali ya buɗe wifi na wayarsa a aljihu. Cikin latse-latsen nan ake haɗa allonka da wayar. Sai waƙa ta tashi, ya ce: "Alhaji, gani ya kori ji." Ka ƙirga masa jikkunanka, ka ja mota. Wifi na waya mitoci kaɗan yake kaiwa, saboda haka kafin ka fita daga layin komai ya tsaya. Ka kira, ya ce: "Rezo ne, Alhaji, bari zuwa dare." Washegari lambar a kashe.

Wifi fa kamar tiyo yake, sai an jona shi da famfo. Intanet a mota sai da layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms mai forfe a ciki, ko dai a wayarka ka raba wa allon, ko a kile mai 4G wadda ke da ramin sa layi. Yawancin allunan nan ma da wifinsu suke zuwa. Ɗan baƙin akwatin da suke manna wa a gilashi suna cewa shi ke kamo tauraro, eriyar GPS ce, inda mota take kawai take nunawa. Starlink kuwa da farantinsa yake, kuma duk wata ake biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, in har da allon suka sayar maka, sai su haɗe wayoyin wutarsa, ja da rawaya, wuri guda don su gama da wuri. Rawayar kai tsaye take daga batir, jar kuwa sai an murɗa makulli take samun wuta. Na ga dattijo mai taksi da allonsa ya kwana a kunne, da asuba mota ta ƙi tashi, ga kuɗin mai mota na jiran sa da yamma.

Kafin ka ba da ko dala, ka ce mai tallar ya nuna maka inda ake sa layi. Ka buɗe wurin wifi a allon ka karanta sunan abin da ya kama. In ka ga Tecno ko itel ko Infinix, wayar wani ce a kusa. Ko ka ce abokin nasa ya tsaya nan, kai da mai tallar ku zaga da motar, shi ma ya kashe wayarsa. Wanda aka riga aka cuta ya kai lambar da suka ba shi kwamisariya, ya kuma shaida wa shugaban tasharsu don a sanar da sauran direbobi.