Sharhi kan fim ɗin Ilford Delta 3200 bayan naɗi huɗu

Na sayi wannan fim ne saboda ina son ɗaukar hoton kakata a cikin ɗakinta, inda babu wani haske sai ƙwan lantarki guda ɗaya da ɗan abin da ke shigowa ta ƙofa, kuma ban so in kunna filashi in kashe mata ido ba. Ilford ta Ingila ce ta fito da shi a 1998, kuma ana samunsa a girman milimita 35 da kuma wani girman mai faɗi da ake kira 120. Ni da na 35 na yi aiki, mai hoto 36 a kowane naɗi.

Lambar 3200 da ke jikin kwalin ba ita ce ainihin ƙarfin fim ɗin ba. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa ma'auninsa na ISO, wato ƙarfinsa na kama haske, 1000 ne, ragowar kuwa a wurin wanki ake ciko ta, ta hanyar barin fim ɗin ya daɗe a cikin sinadari. A naɗin farko na saita kyamara a 3200, na wanke da sinadarin wankin fim mai suna Ilfotec DD-X, kashi ɗaya na sinadari da huɗu na ruwa, tsawon minti tara da rabi a zafin digiri 20. Fuskar tsohuwa ta fito sarai, amma duk abin da ke cikin inuwa, har da jeren kwanukan da ke bayanta, ya nutse cikin baƙi. Daga nan na koma ɗauka a 1600 ba tare da na rage lokacin wankin ba, sai ga kwanukan sun bayyana, har saƙar tabarmar da take zaune a kai ana iya gani. A kan wannan tsari na tsaya, domin ko a haka ina samun saurin ɗauka na ɗaya bisa 60 na daƙiƙa a f/2 (wato idon kyamara a buɗe sosai), wanda ya isa a riƙe kyamara da hannu hoto bai girgiza ba.

Hotunan suna da tsaki-tsaki sosai, kamar an barbaɗa musu rairayi. Wanda ke neman hoto mai santsi ba zai gamsu ba, amma a ganina wannan kaushin ya dace da tsohon bango da fuska mai tamoji.

Zafi ne babban abokin gabarsa. Dole a ajiye shi a firji, kuma sai da na jefa ƙanƙara a ruwan famfo kafin ya sauko digiri 20. Naɗi ɗaya da na manta a jaka har wata biyu ya fito da wani hazo a ko'ina. Yana kuma da tsada idan aka kwatanta da fim ɗin HP5 Plus na kamfanin, don haka zan sake sayensa ne kawai don ɗaki mai duhu irin na kakata.