Kafin Ka Kama Ofis a Legas, Duba Inda Rana Ke Bugun Ginin

Ɗan kasuwar da harka ta buɗe masa har ya fara tunanin tashi daga Agege ko Idi-Araba ya kama ofis a Ikoyi ko Victoria Island, abin da zai fara ɗaukar masa ido shi ne dogon bene mai gilashi daga ƙasa har sama. Alhaji, kada kuɗin haya kaɗai ya ruɗe ka. Ka tambayi kuɗin hidima na shekara, wanda dillalai ke kira sabis caj, domin a can kuɗin dizal da na wuta ke ɓuya.

Ginin gilashi zalla yana da kyan gani, amma ɓangaren da ya kalli yamma, daga azahar zuwa faɗuwar rana zafi kawai yake zubowa ciki, esi ba ta hutawa, janareta ma haka. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, wannan zafin ya zama kuɗin da ke fita daga aljihunka duk wata. Sai ka ga labule a rufe da tsakar rana, fitilu a kunne, a ginin da aka gina don haske.

Bayan ginin gilashi, sai gine-ginen da ke da takardar shaidar tsimin wuta da ruwa. Heritage Place da ke Ikoyi, mai hawa 14, shi ne ginin ofis na farko a Nijeriya da ya samu shaidar LEED ta Amurka. Akwai kuma shaidar EDGE ta hukumar IFC da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, wadda sai gini ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wuta da ruwa kafin a ba shi. Hayarsu da tsada, galibi da dala ake lissafi. Idan kamfaninka na hulɗa da baƙi daga waje, ko ma'aikatanka da yawa ne, ni nan zan nuna maka. Amma a nuna maka takardar da idonka, da rasidin wuta da dizal na shekarar da ta wuce.

Tsofaffin benayen Marina da Broad Street kuwa ba na raina su. Da yawansu an yi musu haƙarƙarin kankare da ke tare rana, tagoginsu na buɗuwa, iskar teku na shigowa ko an ɗauke wuta. Matsalarsu lifta da tsofaffin wayoyi da wurin ajiye mota.

Ko wanne ka zaɓa, ka je da damina, a watan Yuni ko Yuli, bayan an tafka ruwa. Duba ko janareta da tiransifoma suna ƙarƙashin ƙasa, inda ambaliya ke fara sauka. Sannan ka sake komawa da ƙarfe huɗu na yamma, ka tsaya kusa da taga, ka ɗora tafin hannu a jikin gilashin.