Argungu ba lokacin biki ba: hidimar ɗan jagora, jirgin ruwa da masauki

Jama'a masu tambayata ko akwai abin gani a Argungu in ba lokacin bikin kamun kifi ba, amsa ita ce akwai, amma fa sai da ɗan gari a gaba. In ka je kai kaɗai za ka zaga kasuwa ne ka ga shinkafa ka ga kifi ka dawo kana cewa ba komai. Mu ɗan jagora muka ɗauka, wani Bakabe mai ƙaramar mota wanda ke wannan sana'ar ta kai baƙi wurare, kuma hidimarsa nake so in yi magana a kai, sai masaukin da ya kai mu wanda shi kam akwai ƙorafi.

Yarjejeniyar da muka yi da shi tun ta waya ita ce shi ne mota, shi ne mai, shi ne bayani, mu kuma abinci da kuɗin shiga da ɗan abin da ake ba masu kula da wuri. Bai ƙara mana ko sisi a kan abin da aka yanke ba, wannan kam na yaba, don irin masu wannan aikin da yawa sai an yi nisa a ce maka mai ya ƙare.

Gidan tarihi na Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ya fara kai mu, wanda 'yan gari ke kira Gidan Nabame. Nan ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942 kafin a koma sabuwa, a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kana shiga zaure sanyi ya buge ka duk da ranar da ake ƙwallawa a waje. Ga masu, ga takubba, ga kwari da baka, ga tambura, ga layu da kayan kamun kifi, kuma kaburburan sarakuna na nan ciki. Akwai ma'aikata masu bayani kuma sun iya, amma mutumin namu shi ya ƙara wa abin gishiri, don ya tsaya a kan labarin Sarki Sama'ila, wanda suke ce wa Sama, da ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, yana ba mu yadda Kabawa suka ƙi miƙa wuya ga Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru, har muryarsa na tashi yana buga ƙirji yana "Alhaji, mu ba a ci mu da yaƙi ba!" Abokin tafiyata Bafulatani ne, sai ga shi an ɓarke da tsokana ana ta dariya. In kana son tarihi ba son kai to ka rage kaɗan daga abin da zai faɗa ma, amma daɗin ji kam ba a magana.

Inda kuɗina ya fi halatta shi ne bakin Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifin a ciki. In ka saba ganin hoton wurin a talabijin, dubban mutane sun auka ruwa da homa, wato ragar kamun kifi, da gora, za ka sha mamaki, ruwa ne kwance shiru ba faɗi sosai ba. Ba a su a wannan yankin sai ranar biki, Sarkin Ruwa ke kula da shi, shi ya sa kifin ke samun girma har a riƙa fito da giwan ruwa da sai mutum biyu uku sun kama. Bikin ya samo asali daga 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Jagoran ya haɗa mu da wani dattijo masunci da ya ɗauke mu a jirginsa can gefen da ba hani, ya nuna mana yadda ake kwanciya a kan gora da ciki, hannu biyu riƙe da homa ƙafa na tuƙi, bakin goran a sama don nan ake jefa ƙananan kifi. Da muka ce baba ko za mu gwada, kallon tumbina kawai ya yi ya ce goran nashi guda ne. Abin da ban so ba, ba rigar hana nutsewa ko ɗaya a jirgin, kuma ga yara ana ɗauka. Wanda bai iya iyo ba ya yi tunani, musamman da damina in fadama ta cika.

Abinci, wata rumfa jagoran ya kai mu kusa da kasuwa, tuwon shinkafa da farfesun tarwaɗa, kifin na ranar ne ba na firji ba, yaji ya ɗan yi yawa amma na siɗe kwano. Shinkafa kam gida ta zo, duk inda ka waiga fadama ce kore shar.

To masauki. Ba zan kama suna ba amma gaskiya an cuce mu. An ce akwai esi, esin na nan a bango amma janareta ba ya iya ɗaukarsa, tsakar dare kuma aka kashe gaba ɗaya, ga sauro na bakin gulbi wanda ba ya jin maganin feshi, ruwan famfo ba ya hawa sai bokiti, transfa ma sun ce netwok ba kyau sai mu fita neman mai POS da dare. Na faɗa wa jagoran a fuska cewa wannan zaɓin nasa bai yi ba, ya ba da haƙuri, sai dai ina zargin akwai ɗan kamashonsa a wurin. Shawarata, ka kwana a Birnin Kebbi ka yi sammako, tafiyar ba ta da nisa.

Surame, tsohon birnin Kanta na ƙarni na 16 mai ganuwar duwatsu, yana can ƙaramar hukumar Binji a jihar Sakkwato, kuma yana cikin abin da muka shirya. Da safe jagoran ya yi waye-wayensa ya ce hankalinsa bai kwanta da hanyar ba saboda tsaro, ya maye mana da Gwandu muka ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Na ji haushi kam, amma ya rage mana kuɗi da kansa ba tare da mun roƙa ba.

In zan ba da maki, jagora da mai jirgi huɗu cikin biyar, masauki ɗaya. Ka tafi da tsabar kuɗi da gidan sauro, kuma ka zaɓi masaukinka da kanka tun kafin ka baro gida.