Tsohon tsari da sabo bayan tiyatar hanji

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce da aka yi wa mahaifinki aikin hanji, kwana biyar ya yi ko ruwa bai kurɓa ba, ga roba a hanci, ana jiran ya yi tusa. Yanzu kuma za a yanke wa maigida wani ɓangare na babban hanji, likita ya ce washegari zai sha kunu ya taka ƙasa, shi ne kike tambaya ko ganganci ne. Ba ganganci ba ne. Tsari biyu ne, kuma na biyun ya fi.

Wani likitan tiyata ɗan Denmak, Henrik Kehlet, shi ya faro sabon a shekarun 1990, yau ana kiran tsarin ERAS, wato tsarin gaggauta farfaɗowa bayan tiyata.

Tun kafin a shiga ɗakin tiyata tsarin biyu suka raba hanya. A da, daga sha biyun dare an rufe baki, ko da sai la'asar za a yi aikin. Yanzu ana barin mutum ya ci abinci har saura awa shida, ya sha abin da ake ganin ƙasan kofi ta cikinsa har saura awa biyu: ruwa, ko baƙin shayi. Kunu da koko da fura ba sa cikin wannan lissafi, abinci ne. Wanda ya shiga aiki da yunwa da ƙishi a galabaice yake fitowa.

Batun ci bayan aiki shi ne ya fi tayar miki da hankali, na sani. Tunanin da shi ne a bar hanji ya huta kada ɗinki ya ɓalle. Amma hanji ba ya zama a bushe don an hana mutum ci. Miyau da ruwan ciki da na matsarmama, lita-lita jiki ke zubo su kullum, wani ɓangarensu kuma yana bi ta kan ɗinkin nan. Kofin kunu ba shi zai tsinke shi ba. Abincin ma shi ke tayar da hanjin daga barci, shi ne kuma kayan da jiki zai haɗe rauni da su. Don haka ake fara kurɓar ruwa a ranar, a bi da abu mai laushi, in amai ya taso a dakata. Robar hanci kuwa an daina barin ta ga kowa, sai wanda cikinsa ya kumbura yana ta amai.

Sai kwanciya. A nan 'yan'uwa ke ɓata aiki da kyakkyawar niyya. Nas za ta zaunar da mutum a bakin gado, tana juya baya sai ƙanwarsa ta ce haba Yaya, kwanta, ta ja masa bargo har wuya. Doguwar kwanciya ita ke tara majina a huhu, ta daskarar da jini a jijiyar ƙafa. Ki riƙe masa sandar ƙarin ruwa, ya dafe ɗinkin da ƙaramin matashi in zai yi tari, ku taka zuwa ƙofar ɗaki ku dawo. Gobe ku kai ƙarshen baranda.

Maganin zafi ma an sauya: allurai irin su mofin suna kwantar da hanji, shi ya sa ake rage su a haɗa da farasitamol da allurar baya. Robar fitsari a cire da wuri, ƙarin ruwa kada ya wuce kima.

Ribar ita ce kwanan asibiti yakan ragu da kwana biyu zuwa uku, matsaloli su ragu. Sai dai da sharaɗi. Wani bincike a Suwidin da aka buga a 2011, kan mutum sama da 900, ya nuna gwargwadon bin ƙa'idojin, gwargwadon raguwar matsala. Wanda ya karɓi kunun ya ƙi tattakin bai bi tsari ba.

Kada kuma ki yi saurin ɗora wa likitocin mahaifinki laifi. In hanjinsa ɓulewa ya yi, kamar yadda taifot ke yawan yi a wajenmu, wannan aikin gaggawa ne, ciki cike da ƙazanta, roba da hana ci suna da dalili. An gina ERAS ne kan aikin da aka sa wa rana, irin na maigida.

Inda ni nake ɗan ɗari-ɗari da sabon tsarin shi ne sallama da wuri. Yoyon ɗinki yakan iya bayyana bayan an koma gida, cikin makon farko. In garinku da nisa, ku sauka gidan wani ɗan'uwa kusa da asibitin na 'yan kwanaki. Zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, kumburi, amai ko bugun zuciya da sauri, ko da tsakar dare ne ku koma, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati.